Filin Shawara: An Ce Ni Mai Rauni Ce, Alhali Sau Ɗaya Aka Leƙa Ajina

Tare da Gwaggo Asabe

Lokacin cike fom ɗin ƙarshen shekara ya zo a makarantu, shi ya sa wasiƙun malamai suka yi mini yawa a wannan karon. Na zaɓo huɗu daga ƙasar Ƙaraye da Rogo. Kamar kullum, na cire sunayen mutane da na makarantu.

Wasiƙa ta farko

Gwaggo, ina gaisuwa da fatan alheri. Ni malamar firamare ce a yankin Turawa, ƙaramar hukumar Ƙaraye. Ina da NCE, shekarata 9 ina koyarwa, ina mataki na 8. 'Yan aji uku nake riƙe da su, yara 94 a rajista. Zangon da ya wuce, ana tsakiyar kaka, mai duba malamai ya zo mana ranar da kusan rabin yaran suna gona. Ya zauna a bayan aji kamar minti 20. Ya karɓi littafin shirin darasina, ya ga na mako biyu babu sa hannun hedimasta. Ya tashi yara uku su yi karatu, biyu suka kasa. Ya yi rubutunsa ya tafi, ko uffan bai ce mini ba. Daga baya a bakin wata abokiyar aiki na ji wai an sa ni cikin masu rauni.

Yanzu ga fom ɗin ƙarshen shekara ya zo, hedimasta ya ce kowa ya sa hannu tukuna, zai cike makin daga baya, wai haka aka saba. Bana nake sa ran ƙarin girma. Maigidana ya ce in ajiye aikin in kama sana'a a gida, tunda ba a ganin ƙoƙarina. Wallahi Gwaggo ba na fashi, da goyo ma zuwa nake. Akwai wanda sai ƙarshen wata ake ganinsa, shi ba a taɓa ce masa mai rauni ba. In yi magana ne ko in yi shiru? Tsorona kada a jefa ni ƙauyen da mota ba ta zuwa.

Malama, daga Turawa

Amsa

'Yata, sannu da ƙoƙari, Allah ya raya abin goyon. Abu biyu ne na gaggawa: kada ki ajiye aikin, kuma kada ki sa hannu a fom ɗin da ba a cike ba. Sauran sai mu bi su a hankali.

Fom ɗin nan na APER yana da tsarin da ake bi. Ma'aikaci ne ke fara cike nasa ɓangaren: aikin da ya yi a shekarar, kwas ɗin da ya halarta, abin da ya kawo masa cikas. Sai shugabansa ya ba shi maki a kan zuwa aiki da wuri, sanin aiki, riƙon amana, mu'amala da jama'a da makamantansu. Sai a mayar wa ma'aikacin ya karanta, ya sa hannu cewa ya gani, in yana da ja ya rubuta. Daga nan na gaba ya sa nasa hannun. To kin ga sa hannunki shaida ne cewa kin karanta abin da aka rubuta a kanki. In kika sa a takarda fanko, kin shaidi abin da idonki bai gani ba, gobe kuma ba ki da bakin cewa an zalunce ki. Dokokin aikin gwamnati ma sun ce in an yi wa ma'aikaci rahoto mara kyau a sanar da shi, domin ya san abin da zai gyara. Jin labari a bakin abokiyar aiki ba sanarwa ba ce.

Amma kada ki tada maganar a gaban malamai. Yawancin hedimastocin da ke wannan ɗabi'ar ba mugunta suke nufi ba. Fom ne ya zo a makare, ana jiransa a ofis, sai su nemi hanya mai sauƙi. Ki same shi shi kaɗai, ki gaishe shi yadda ya kamata, ki ce, "Ranka ya daɗe, ina roƙon in ga makina kafin in sa hannu, don in san inda zan ƙara ƙoƙari." Da wuya shugaba ya ƙi wannan roƙon ba tare da ya kunyata kansa ba. A ɓangarenki na fom ɗin kuma ki rubuta yawan yaran ajinki da lamba, ki rubuta in babu benci ko littattafai. Gurbin don haka aka yi shi, malamai ne ke barinsa wayam.

Batun ƙarin girma, ki kwantar da hankalinki kaɗan. A tsarin ma'aikatan tarayya, wanda jihohi ke kwaikwayo da ɗan bambanci, daga mataki na 7 zuwa na 14 shekara 3 ake yi kafin a cancanci hawa, kuma ana duba fom ɗin shekarun baya, ba na shekara ɗaya ba. A can, kafin a fara janye fom ɗin APER, jarrabawar ƙarin girma ce ke ɗaukar kashi 70, fom ɗin kashi 20, daɗewa a aiki kashi 10. Ki leƙa ofishin sakataren ilimi ki tambayi yadda lissafin malaman hukumar SUBEB yake a bana, ki ji daga bakin masu abin. Abin da nake so ki riƙe shi ne, ziyara ɗaya ba ta isa ta rushe shekara uku ba, sai in ke kika bari ta zama ita kaɗai ce abin da ke rubuce a kanki.

Shi kuma mai duba, bai cika aikinsa ba. Na faɗa kai tsaye. A da can sufeto ake cewa, in an hango babur ɗinsa kowa cikinsa ya ɗuri ruwa. Shirin ESSPIN, wanda gwamnatin Birtaniya ta ɗauki nauyi daga 2008 zuwa 2017 a jihohi shida har da Kano, Jigawa da Kaduna, ya yi ta ƙoƙarin sauya wannan. A lokacin ne aka kafa jami'an tallafa wa makarantu, waɗanda kuke kira SSO, aka horar da su cewa in sun kalli darasi su zauna da malamin bayan an tashi, su fara da abin da ya yi daidai, sannan su nuna masa abin gyara, su kuma dawo su ga ko ya gyaru. Kundin tabbatar da ingancin ilimi na ƙasa kuwa matakai biyar ya tanada, daga mafi kyau zuwa mafi rauni, kuma makaranta gaba ɗaya yake aunawa: shugabancinta, muhallinta, manhajarta, kula da lafiyar yara, koyarwa, da abin da yaran suka iya. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare. Ke an ba ki 94. Ranar 8 ga Yuni, 2024, da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi, da bakinsa ya ce yara fiye da miliyan 4 a ƙasa suke zama a ajujuwan jihar nan, kuma akwai makarantu kusan 400 masu malami ɗaya tak. Wanda ya san wannan, in zai rubuta "mai rauni" a gaban sunan malama, adalci ya rubuta har da halin da ya same ta a ciki.

To yanzu bari in ɗan ja miki kunne, don ban ce miki 'yata a banza ba. Duk wasiƙarki a kan zuwa aiki kika kafa hujja, kuma zuwan abin yabo ne. Amma yara biyu cikin uku sun kasa karatu a aji uku, wannan kuwa ba sharrin mai duba ba ne, abu ne da ya faru a gabanki. Ban ce laifinki ne ba. Wataƙila haka suka zo miki daga aji biyu, ko harafi ba su sani ba. Wataƙila cikin 94 ɗin nan kin ɗaga 30 daga inda suke. Sai dai in na tambaye ki yara nawa ne suka iya karatu ranar da kika karɓi ajin, nawa ne suka iya yau, kina da amsa a rubuce? Na san babu, kuma ba ke kaɗai ba ce. Nan ne ake cin malamai masu ƙoƙari da yaƙi: aikinsu yana cikin kan yara, babu takardar da ta ɗauke shi.

Ki sayi littafin rubutu guda ɗaya, ki rubuta sunayen yaranki, ki ja layi biyar: wanda bai san harafi ba, mai gane harafi, mai karanta kalma, mai karanta 'yan jimloli, mai karanta gajeren labari. A makonnin farko na zango ki riƙa kiran yara goma a rana, ɗaya bayan ɗaya, minti biyu ko uku kowanne, ki sa masa alama a inda ya tsaya. Ki yi haka a lissafi: gane lamba, tarawa, ɗebewa. Ƙarshen zango ki sake. Wata ƙungiya ce mai suna Pratham ta yaɗa wannan hanyar a Indiya, an kuma gwada ta a nan Kano, a Wudil da Dawakin Tofa, ƙarƙashin shirin KaLMA da aka fara a 2019. A gaskiya ma ba baƙuwarmu ba ce. Malamin allo ba ya barin yaro ya wanke sai ya saurare shi shi kaɗai ya biya, kuma ya san inda kowane almajiri ya tsaya ko da sun kai ɗari. Ki kai wa hedimasta littafin ya sa hannu da kwanan wata, farko da ƙarshe. Ran da mai duba ya dawo ya tashi yara uku, ki miƙa masa littafin cikin ladabi. Amfaninsa na biyu ya ma fi na farko: za ki ga su wane ne ke zaune a bayan aji suna bin baki, ki ware musu minti 15 kullum a kan haruffa.

Rajista ma shaidarki ce, muddin kin cike ta da gaskiya. Na san wasu malamai suna yi wa kowa alamar ya zo don kada a ce ajinsu ya watse. Kanki kike cuta in kin yi haka. In yaro ya yi wata guda a gona lokacin girbin dawa, ko yana bin mahaifinsa su a dam ɗin Challawa, bari rajista ta faɗa. Littafin shirin darasi kuwa, ki riƙa kai shi da kanki ranar da aka tsayar, in hedimasta ba ya nan mataimakinsa ya sa hannu. Rashin sa hannun nan sakacin mutum biyu ne, amma a sunanki aka rubuta shi.

In kin ga makin kuma kin tabbata an tauye ki, ki rubuta jan da kike da shi a fom ɗin, sannan ki rubuta gajeriyar takarda zuwa ga sakataren ilimi ta hannun hedimasta, ki ajiye kwafi. Roƙo za ki yi a sake zuwa a kalli darasinki, a kuma faɗa miki abin gyara. Kada ki ambaci wancan da ba ya zuwa sai ƙarshen wata. Da kin sako shi, takardarki ta tashi daga neman haƙƙi ta koma tsegumi, kin kuma yi maƙiyi. Ki sanar da wakilin ƙungiyar malamai ta NUT na yankinku, kuɗin ƙungiya da ake cira a albashinki don irin wannan ranar ne. Ba zan yi miki alkawarin cewa ba a taɓa yi wa mutum canjin wurin aiki don ya yi magana ba, ana yi. Amma malamar da ta rubuta "a zo a duba ni" ta fi wuyar taɓawa a kan wadda ta yi ta ƙorafi a ɗakin malamai.

Maigidanki kuma kishinki yake yi, ki gode masa. Ki nuna masa cewa shekara 9 da fanshon da ke gaba ba abin zubarwa ba ne saboda minti 20. Sana'ar gida ki kama ta da yamma, ba ta hana.

Wasiƙa ta biyu

Hajiya Gwaggo, ni hedimasta ne a wani ƙauye a ƙasar Rogo. Cikin malamaina akwai dattijon da shi ya koyar da ni a aji huɗu, kuma aminin mahaifina ne. Saura masa 'yan shekaru ya yi ritaya. Da damina yana gona, da rani yana lambu, bai fi ya zo sau biyu a mako ba. Kowace shekara maki mai kyau nake ba shi, don ba zan iya haɗa ido da shi ba. Yanzu matasan malamai sun fara kwaikwayonsa, in na yi magana sai su ce in fara da Baba. In na rubuta gaskiya gari zai ce na ci mutuncin malamina. Yaya zan yi?

Hedimasta, daga Rogo

Amsa

Malam, kunyar da kake ji tarbiyya ce, ba zan ce ka yar da ita ba. Amma makin da kake rubutawa shaida ne, kuma ka san hukuncin mai shaidar abin da bai faru ba. Yaran ajin nan da ke wuni suna tsalle a kan benci kwana uku a mako, su ma 'ya'yan aminan wani ne.

Ka kuma duba ɓarnar da alherin naka ya yi. Da ka ba wanda ba ya zuwa maki ɗaya da mai zuwa kullum, ka kashe fom ɗin a makarantarka, ka kuma koya wa matasan cewa ƙoƙari da rashinsa duk ɗaya ne. Ba a ƙauyenku kaɗai ba; wannan ciwon na kowa-ya-ci ne ya sa gwamnatin tarayya ta fara janye fom ɗin APER daga ma'aikatanta, ta koma tsarin da ake yanka wa mutum aiki tun farkon shekara a auna shi a kansa. Kai ma za ka iya yin haka a makarantarka ba sai an aiko maka da takarda ba.

Kada ka kira Baba ofis. Ka je gidansa bayan la'asar, ka tafi da mutum ɗaya da yake jin nauyinsa, liman ko shugaban SBMC, kwamitin iyaye da masu unguwa na makarantar. Ka durƙusa ka gaishe shi kamar yadda ka saba. Sannan ka faɗa masa abin da wataƙila ya manta: a dokar aiki, rashin zuwa ba tare da izini ba yana cikin manyan laifuffuka, yana iya kai mutum ga kora. Ran da wata tawaga ta dira ba sanarwa ta tarar ba ya nan, ta buɗe littafin sa hannu ta ga an sa masa, shi zai iya rasa haƙƙin shekara talatin da wani abu, kai kuma ka amsa takardar tuhuma. Ka ce masa, "Baba, so nake ka fita da mutuncinka da fanshonka." Dattijo zai ji wannan.

Ka zo masa da mafita a hannu. Jadawalin darasi a hannunka yake. Ka tattara masa darussansa da safe, ka rage masa nauyin da shekaru suka sa ya gaza ɗauka, ka ba shi abin da ya fi kowa iyawa. Tsofaffin malaman nan masu Grade II da yawansu sun fi 'yan yanzu iya koyar da karatun Hausa da rubutun hannu. Ka sa shi ya riƙa zama da sabbin malamai yana nuna musu. Amma zuwa kullum babu ragi a ciki. Lambu ya samu yaro ya tsare masa har a tashi.

Daga nan sai ka tara malamai duka, har da shi, ka faɗi abin da za ka auna kowa da shi a zangon: littafin sa hannu da za ka ja wa layi in lokaci ya yi, shirin darasi, gyaran littattafan yara, da darasin da kai da kanka za ka shiga ka kalla. In ka shiga, ga abubuwan da aka riƙa dubawa a zamanin ESSPIN, kuma har yau suna da amfani: malamin ya san abin da yake koyarwa? Ya yi amfani da wani kayan koyarwa ban da alli da baki? Yabonsa ya fi tsawarsa yawa? Ya ba yara aikin yi, ɗaiɗai ko rukuni, ko shi kaɗai ya yi ta zuba? Ka rubuta abin da ka gani da kwanan wata, ka zauna da malamin a ranar. In ƙarshen shekara ya zo, ba kai za ka ba Baba maki ba, littafin ne zai ba shi. Wanda ya ci gaba da fashi bayan haka, gargaɗin baki, sai na rubutu, sai rahoto zuwa gaba, ko wane ne.

In kai ma kana cikin masu cewa a sa hannu tukuna a cike daga baya, ka karanta wasiƙar da ke sama.

Wasiƙa ta uku

Gwaggo, ni masunci ne, ban yi boko ba, ɗan ƙanena ne ya rubuta mini. Ɗana yana aji biyar, ko sunansa ba ya iya rubutawa daidai, amma kowace shekara ana ciyar da shi gaba. Me zai hana Kano ta yi wa malamai jarrabawa ta kori jahilan ciki kamar yadda Kaduna ta yi?

Uba, daga bakin dam, Ƙaraye

Amsa

Malam, fushinka a kan hanya yake. Shekara biyar yaro yana sa yunifom yana dawowa hannu wofi, dole uba ya tambaya.

Abin da ya faru a Kaduna, ku da kuke kusa da iyaka kun ji shi da ɗumi-ɗuminsa. A 2017 gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i ta yi wa malaman firamare kusan 33,000 jarrabawa da tambayoyin 'yan aji huɗu, ta ce sai mai kashi 75 ya tsira. Malamai 21,780 suka gaza, aka sallame su. NUT ta shiga yajin aiki a Janairun 2018, gwamnati ba ta janye ba, ta ce za ta ɗauki sabbi 25,000. Cikin sabbin da aka ɗauka sai da aka sake sallamar fiye da 4,000 a shekarar. A 2022 kuma aka kori wasu 2,357 bayan wata jarrabawar, yawancinsu don sun ƙi zama, har da shugaban NUT na ƙasa, Audu Amba.

Ra'ayina shi ne, malamin da ba zai iya lissafin ɗan aji huɗu ba bai kamata a bar masa aji ba, kuma ba zan kare shi ba ko ɗan ɗakinmu ne. A gwada, a ba wanda ya gaza horo da wa'adi, wanda ya sake gazawa a nema masa wani aikin. Sai dai jarrabawar takarda abu ɗaya take nunawa: abin da malami ya sani. Ba ta nuna ko yana zuwa, ba ta nuna ko ya iya sa yaro ya gane. Akwai mai digiri da zai cinye jarrabawar nan tas, amma bai taɓa koya wa yaro ɗaya haɗa baƙi da wasali ba. Sannan wanda ya gaza ɗin, ba shi ya ɗauki kansa aiki ba. Tun shirin UPE na 1976, da aka buɗe makarantu ko'ina kafin a tanadi malamai, ake cike gurbi da wanda aka samu, daga baya kuma alfarmar 'yan siyasa ta shigo. In za a tace, a haɗa da ƙofar da ake shigowa.

Wasu kuma cewa suke a auna malami da sakamakon yaransa kawai, a ɗaura albashinsa a kai. An gwada. Ingila ta fara haka a 1862, kuɗin da gwamnati ke ba makaranta ya dogara da yawan yaran da suka ci gwajin sufeto. Malamai suka koma dasa wa yara hadda ba fahimta, kafin ƙarshen ƙarnin aka watsar da tsarin. A birnin Atlanta na Amurka, a 2015 kotu ta samu malamai da jami'an ilimi 11 da laifi a shari'ar goge amsoshin yara a gyara don sakamako ya yi kyau. In aka kawo wannan nan, babu malamin da zai yarda a tura shi ƙauye, kowa zai nemi ajin 'ya'yan ma'aikata a cikin gari.

Amma ɗanka ba zai jira gwamnati ba. Gobe ka je makarantar da kanka, rashin boko bai hana ka ba. Ka nemi hedimasta da malamin ajin, ka ce a sa yaron ya yi karatu a gabanku, ka tambayi me za a yi masa daga nan zuwa ƙarshen zango. In sun ce gara ya maimaita aji, ka yarda, ya fi a tura shi sakandare a haka. Ka tambayi su wane ne 'yan kwamitin SBMC na makarantar. An kafa shi ne don iyaye da masu unguwa su sa ido, kuma yana da damar kai ƙorafin malamin da ba ya zuwa har ofishin sakataren ilimi. Ɗan ƙanen naka da ya rubuta wannan wasiƙar ya riƙa zama da yaron rabin awa bayan magariba. Sannan ka ba ni amsa tsakaninka da Allah: kwana nawa yaron ya yi a cikin kwalekwale a zangon nan lokacin da ake aji? In da yawa, to kashi ɗaya na makin naka ne.

Wasiƙa ta huɗu

Anti, ina cikin malaman shirin BESDA da aka mayar ma'aikatan dindindin. An ce in ba ni da TRCN ba za a ƙara mini girma ba. Dole ne?

Sabon malami, daga Ƙaraye

Amsa

Ɗana, barka da samun aiki. Ka yi ta, kada ka tsaya jiran ranar da za a tambaye ka. TRCN hukuma ce da dokar 1993 ta kafa don yi wa malaman ƙasar nan rajista, kuma tun 2017 sai mutum ya ci jarrabawarta ta kwamfuta ake ba shi shaida. Rukuni huɗu ne: mai NCE yana D, mai digirin farko C, mai digiri na biyu B, mai digirin digirgir A. In ba ka saba da kwamfuta ba, ka samu shagon da za ka yi 'yan kwanaki kana gwada hannu, don da yawa abin da ke kayar da su ke nan. Ka yi rajistar da kanka ta hanyar hukumar, kada ka ba kowa kuɗi a bayan fage wai zai fito maka da takarda.

Masu wasiƙu a kan jinkirin biyan ariyas, na gan su, mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Mai rubuto mini ya faɗi matakinsa da shekarar da aka yi masa ƙarin girma na ƙarshe, don in san ta inda zan ba shi amsa.